Allon Android a Mota: Laifin da Yake da Shi da Wanda Ake Ɗora Masa

Yanzu da wuya ka shiga Corolla ko Camry 'yar Kwatano a Kano, Kaduna ko Maraɗi ba ka tarar an cire rediyon da ta zo da shi an dasa allo mai faɗin inci 9 ko 10 ba. Da shi ake kallon taswira, a ji karatu ko waƙa, a amsa waya ba tare da an ɗauke ta ba, a kuma ga bayan mota idan an sa ribas. Yadda allon ya yaɗu haka zantuka suka yaɗu a kansa. A gareji za ka ji an ce yana ƙona ƙwaƙwalwar mota. A majalisa wani zai rantse cewa shi ya kashe masa batir sabo fil. Mai shago kuwa zai ce maka in ka sa shi ka huta da ɓarayin mota, tunda yana da GPS. Cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya tsantsa, akwai ƙarya, akwai kuma gaskiyar da aka ɗora wa wanda ba shi ya yi laifin ba.

Maganar batir ce ta fi yawa, kuma masu ƙorafin ba sharri suke yi ba: batura na mutuwa bayan an sa allo. Sai dai dalilin yana cikin wayoyi biyu da ke bayansa. Kusan kowane rediyon kasuwa yana da waya ruwan ɗorawa da ja. Ruwan ɗorawar tana ɗauke da wutar batir dare da rana, aikinta ta riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, kuma abin da take ja idan mota na kashe bai taka kara ya karya ba. Jar kuwa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ce ke gaya wa allon ya tashi ko ya kwanta. Mai wayarin da ke sauri, ko wanda ya nemi wayar makulli ya rasa, sai ya murɗe su biyun wuri guda ya jona da wutar batir. Allon zai kama, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Daga ranar na'urar ba za ta ƙara yin barci ba, ko da an danna maɓalli fuskarta ta yi duhu.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin ƙaramar mota yakan kai amfiya-awa 60 zuwa 75. Allon da yake a farke yana iya jan kusan amfiya ɗaya. Dare guda ya ci 12, in aka ajiye motar daga Juma'a zuwa Litinin ya kusa tatse batirin ƙarƙaf, balle wanda zafin Afrilu ya riga ya raunana. Da safe ka murɗa makulli ka ji ƙyat-ƙyat, fitilun dashbod suna lumshewa. Motar da aka haɗa daidai, duk abin da take ja bayan an kashe ta an rufe ƙofofi bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ko kusa da haka ba, kuma mai wayarin da ke da mita zai auna maka a kan batir cikin 'yan mintoci. Akwai kuma akasin wannan: allon da kullum yake manta tashoshi da lokaci idan an kashe mota. Wannan alama ce ta an musanya wayoyin biyu, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin Golf da Opel, domin soket ɗinsu ya juya gurbin wutar batir da na makulli.

Batun ƙona ƙwaƙwalwa, wadda kanikawa ke kira birenbos, shi ya fi tsoratar da mutane, kuma shi aka fi yi wa ƙari. A mota irin Corolla ta 2003 zuwa 2008, abin da ke shiga bayan rediyo bai wuce wuta, da waya ta ƙasa, da wayoyin sifika, da eriya, da ta hasken dare ba. Babu wata hanya da allon zai bi ya isa ga na'urar da ke sarrafa inji. In wayoyi suka haɗu, fiyus ne zai tsinke, shi ya sa wani lokaci bayan aikin za ka ga agogo da fitilar cikin mota sun ɗauke tare, domin a motoci da dama fiyus ɗaya suke rabawa da rediyo. A canza fiyus ɗin da mai lamba irin tasa, a gyara inda wayar ta taɓa, magana ta ƙare.

Motocin baya-bayan nan ne ke da wani labari. Yawancinsu na'urorinsu suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka tufke, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Hatta a Golf 5 ko Peugeot 407, rediyon asali ba ya jiran wutar makulli, saƙo yake karɓa ta waɗannan wayoyi cewa an kunna mota, an kunna fitila, an danna maɓallin sitiyari. Allon kasuwa ba ya jin wannan yare sai an sa masa wani ɗan akwati mai fassara, wanda ake sayarwa tare da soket ɗin da aka yi wa wannan samfurin motar. Wanda bai sayi akwatin ba shi ne zai rasa wayar makulli ya koma ga dabarar murɗe ja da ruwan ɗorawa. Mafi muni shi ne wanda zai ɗauki fitilar gwaji yana soka wa kowace waya tsinke yana neman wuta. In ya tura wutar batir cikin wayoyin saƙo, na'ura mai tsada na iya lalacewa da gaske. In ya taɓa soket ɗin jakar iska, wanda galibi shi ma ruwan ɗorawa ne, abin ya wuce asarar kuɗi. Don haka ƙwaƙwalwa tana iya ƙonewa, amma hannun da ya yanka waya bai cire kan batir ba ne ya ƙona ta.

Na tsaya na ga yadda ake wannan aiki a bakin titi, kuma abin yana damuna. Yaro ya zaro rediyon asali, ya sa filaya ya datse soket ɗin kamfani gaba ɗaya ya jefar, ya feƙe wayoyin da haƙori, ya murɗa su da na allon, ya naɗe da baƙin salatif. A ranar komai lafiya. Amma cikin dashbod ɗin motar da ta wuni a rana tanda ce, gam ɗin salatif yana narkewa, gargadar hanya tana girgiza wayoyin, bayan 'yan watanni tagulla ta fito fili kusa da ƙarfe. Idan fiyus na gaskiya yana nan, shi zai mutu ya ceci motar. Idan kuwa an taɓa maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari, kamar yadda ake yi don a huta da saye, wayar ce za ta yi ja ta kama roba. Nan gobarar da ake dangantawa da allo take farawa. Soket ɗin haɗi da ke shiga na kamfani kai tsaye ba tare da an yanka komai ba yana nan a kasuwa don yawancin Toyota da Honda, kuma kuɗinsa bai kai na fiyus-bos ɗin da ya narke ba.

Akwai motocin da cire rediyonsu ke tafiya da wani abu. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, maɓallan esi da rediyonta a jiki ɗaya suke, don haka sai allon da aka ƙera mata musamman. Toyota mai tsarin sauti na JBL tana da amfilifaya a ɓoye, in ba a tashe ta ba allon zai kama amma sifiku su yi tsit. Kuma kada ka bar wa mai aikin tsohon rediyonka. Ka kai shi gida, ranar sayar da motar ko ranar da allon ya mutu za ka neme shi.

Sai GPS, inda ruɗani ya kasu biyu. Wasu na cewa taswirar ba ta aiki sai da data, wasu na cewa ba ta buƙatar komai. Gano inda kake kyauta ne. Taurarin GPS na gwamnatin Amurka ne, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, suna watsa saƙon lokaci ba dare ba rana. Ɗan baƙin akwatin eriyar da ake mannawa a kan dashbod yana sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu ya lissafa wurin da yake, ko a dajin da babu sabis ko ɗigo. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kanta da labarin cunkoso. Google Maps yana ba da damar sauke taswirar yanki guda a ajiye, don haka mai tafiya Kano zuwa Damagaram zai iya saukewa a gida ya kama hanya. In taswira tana tsalle ko ta daɗe ba ta gano ka ba, a duba inda aka cusa eriyar. Ƙarfe yana tare saƙon, ita kuwa tana son ganin sama ta gilashi.

Cewa allon zai nemo maka mota in an sace, wannan ƙarya ce, kuma mai hatsari, domin tana sa mutum ya saki jiki. Eriyar GPS kunne ce kawai, ba ta aika komai zuwa ko'ina. Tiraka na'ura ce daban, mai layin waya a ciki da ɗan batirinta, da ake ɓoyewa inda ɓarawo ba zai gani da wuri ba. Allo kuwa shi ne abu na farko da zai gani, kuma cire shi aikin mintoci ne. Gaskiyar da ke kusa da wannan magana ita ce idan ka shiga asusunka na Google a allon kuma ka haɗa shi da intanet, bayanan wuraren da ka je suna iya taruwa a asusun, kamar yadda suke yi a wayarka. Mai sayar da mota ya tuna ya fita daga asusun ya goge komai kafin ya miƙa makulli.

Lambobin da ke jikin kwali su ma a yi hattara da su. Za ka ga an rubuta wat 50 ko 60 sau huɗu. Ɗan guntun da ke ƙara sauti a yawancin waɗannan alluna, irin TDA7388 ko TDA7851, abin da yake iya bayarwa a tsaye ba tare da murya ta fashe ba bai wuce wat 20 ko kusa da haka ga kowace sifika ba. Ka juya bayan na'urar ka dubi fiyus ɗinta: in na amfiya 10 ne, duk wutar da za ta iya shiga a volt 12 wat 120 ce, to ta ina 240 za ta fito? Wanda sifikunsa suka tsufa ba zai ji wani canji na a zo a gani ba don ya sa allo. Haka nan zargin cewa ana ƙarya a girman ma'ajiya da samfurin Android gaskiya ne. Akwai alluna marasa suna da aka shirya su nuna Android 12 ko 13 alhali tsohon tsari ne a ciki. Manhajoji irin su AIDA64 suna nuna wata lamba da ake kira API: 27 na nufin Android 8.1, 29 na nufin 10, 33 na nufin 13. Ba kullum take tona asiri ba, amma ta fi rubutun kwali. Mai RAM gigabayit 1 zai riƙa sanɗa da taswira, 2 shi ne ƙarshen ƙasa, 4 ya fi kwanciyar hankali. Ka sa a kunna maka a shago, ka buɗe taswira da waƙa lokaci guda, ka ga yadda yake amsa yatsa.

Maganar cewa allon yana ƙara shan mai ba ta da tushe. Wutar da allo ke ja ba ta kai ta fitilun gaba biyu ba.

Masu cewa rediyo ya daina kamawa kamar da kuwa suna da hujja, kuma a ƙasar da direba ke rayuwa da labaran safe wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Sashen kama tasha a alluna masu araha bai kai na kamfani inganci ba, wasu ma ba su da zangon AM sam. Sau da yawa kuma laifin haɗi ne: motocin da eriyarsu ke jikin gilashin baya suna da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke son wuta daga shuɗiyar waya, in ba a jona ta ba ko Freedom Radio a 99.5 sai ta riƙa shashsheƙa da an fita gari. A kuma duba saitin yanki. Tashoshin AM a Afirka da Turai suna da tazarar kilohaz 9, na Amurka 10, don haka allon da aka bari a saitin Amurka ba zai sauka daidai kan 594 ta Rediyon Najeriya Kaduna ba.

Abin da ya fi duk waɗannan hatsari shi ne wanda ba a cika yin jita-jita a kansa ba, domin mutane sun ɗauke shi ado. Alluna da yawa suna zuwa da wata waya da ake jonawa da birkin hannu, ko wani saiti a ciki, don kada fim ya kama sai mota na tsaye. Masu haɗawa kan jona wayar da jikin ƙarfe ko su kashe saitin, har su nuna wa mai mota a matsayin gwaninta. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita kusan 28 a kowace daƙiƙa. Kallon daƙiƙa biyu ya kai mita 56 da aka yi ido ba ya kan hanya, a titin da akuya, ɗan acaɓa, rami ko yaro ɗan makaranta ke iya ɓullowa ba sallama. Jami'an kiyaye haɗurra na FRSC suna kama mai riƙe waya yana tuƙi, allo mai inci 10 da ke nuna fim kuwa ya fi waya jan ido. Wanda ya ce ai fasinja ne ke kallo ya san idonsa ma yana zuwa wurin.

Ba ina cewa a guji allon ba ne. Kyamarar baya kaɗai ta isa dalilin sa shi, musamman a lungunanmu da yara ke wasa a bayan motoci. Amurka ma ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun watan Mayun 2018. Amma ranar da za ka kai motarka, ka tsaya a kan aikin da kanka. Ka ce a cire kan batir kafin a taɓa waya, a sa soket ɗin haɗi kada a yanka na kamfani, a bar fiyus mai lambar da ta dace. Kafin ka biya, ka zare makulli ka tabbatar allon ya mutu, ka sake kunnawa ka ga bai manta tashoshi ba, ka duba fitilar jakar iska ba ta tsaya a kunne ba. Sannan ka ce masa wayar birkin hannu a jona ta inda kamfani ya ce, ko da ya yi maka tayin akasin haka kyauta.