Mai Gwiwa Ko Mai Gado: Wane Injin Sassaƙar Ƙarfe Ya Kamata Ka Saya?

Jama'a, cikin 'yan'uwanmu da suka sauko Kudu neman abinci akwai waɗanda suka koyi aikin ƙarfe a Legas, ko Ibadan, ko Aba, har Allah ya sa suka tara ɗan jari suna so su buɗe nasu shagon. Babban abin da zai ci kuɗinsu shi ne injin sassaƙar ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wanda ake kira CNC. To, injin nan iri biyu ne, in mutum ya yi kuskuren zaɓe kuwa, jarin shekaru ya tafi ke nan.

Na farko shi ne mai gwiwa. Teburin da ake ɗaure aiki a kansa yana zaune bisa wani ƙarfe mai kama da gwiwa, wanda ake ɗagawa ko saukewa a jikin ginshiƙin injin. Kamfanin Bridgeport na Amurka ne ya fito da shahararren samfurinsa a 1938, wasu kamfanoni da yawa suka kwaikwaya. Nauyinsa wajen tan 1 ne, bai cika cin wuri ba, ana kuma iya karkata kansa a huda rami a karkace. Ga shi da daɗin aiki da hannu in abin gyaran guda ɗaya ne tak.

Amma fa yana da aibu. Sandar da ke riƙe wuƙar ba ta sauka fiye da inci 5, kuma galibi kwamfutar ba ta motsa gwiwar, sai ma'aikaci ya juya ta da hannu. Sa'an nan in aka ɗora masa ƙarfe mai nauyi aka matsa masa, sai ya riƙa rawa, aikin ya fito da kaushi, wuƙa ta dakushe da wuri.

Na biyu shi ne mai gado. Teburinsa yana kan gindi mai ƙarfi da ba ya hawa ko sauka, kan injin ne gaba ɗaya yake tafiya sama da ƙasa bisa umurnin kwamfuta. Saboda haka ya fi tsayawa daram, ya fi ɗaukar kaya, ya fi cin ƙarfe da sauri. Sai dai ya fi tsada, yana kuma son daɓen kankare mai kauri.

Watau abin dubawa shi ne irin aikin da ke zuwa ƙofarka. In gyare-gyare ne, yau injin niƙa, gobe famfon ruwa, jibi wani ƙaramin ƙarfen mota, mai gwiwa ya ishe ka. In kuwa kana da masu ba ka kwangilar abu iri ɗaya ɗari-ɗari, ko manyan ƙarafa, to ka daure ka sayi mai gado.

Kafin ka biya kuɗin na hannu, ka sa a kunna shi ya yi aiki a gabanka. Ka duba ko hanyoyin da tebur ke bi sun cinye, ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaran kwamfutarsa, domin in ta mutu babu madadi, injin ya zama kayan 'yan gwangwan. Kada ka manta yawancinsu wuta mai layi uku suke sha, sai ka sa kuɗin janareta da na'urar daidaita wuta cikin lissafi.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa albarka a sana'a.