Maganganun Ingilishi a Bakin Ƴan Cin Rani: Misali daga Mai Yara

Harshen Ingilishi yana shiga ƙasar Dakoro ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce makarantar kwaleji, inda ake soma koyar da shi bayan yaro ya riga ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci. Ta biyu kuwa hanyar mota ce, wadda ta bi ta Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya ta shiga Katsina da Kano. Da zarar an gama yankan hatsi, samarin Mai Yara da ƙauyukan kewaye sukan bi ta zuwa cin rani, su komo gabanin shuka da ƴan maganganu a bakinsu. Waɗannan Ingilishi biyu ba su cika jituwa ba, kuma ɗan makaranta ne a tsakiya.

A ɗauki kalmar gosulo. Asalinta kalmomi biyu ne, "go slow". Da yake Hausa ba ta yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa a jere ba, sai aka cusa wasalin u tsakanin s da l, aka dunƙule maganar ta zama suna guda. Haka "one way" ta koma wanwe. Amma canjin ma'ana ya fi na furuci muhimmanci. A Ingila "go-slow" na nufin ma'aikata su rage saurin aiki da gangan don nuna fushi, abin da ƙamus ke fassarawa "grève perlée" da Faransanci. A Kano kuwa cunkoson motoci ne. Idan ɗan cin rani ya ce gosulo ya tsare shi, ƙanensa ɗan kwaleji ya buɗe ƙamus, zai ɗauka wan nasa ya faɗa cikin rigimar ma'aikata.

Akwai wani rukuni da ya fi wannan ban sha'awa, wato maganganun da rigarsu ta Ingilishi ce, amma jikin na Hausa ne da sauran harsunan Nijeriya. Mutum yana fita daga ɗaki ya ce "I am coming". Ga Baturen Ingila wannan magana ta juya baya ga gaskiya, tun da tafiya mutumin yake yi. Bahaushe kuwa nan take ya ji "ina zuwa". Haka "well done", wadda a Ingila yabo ce ga wanda ya gama aiki da kyau, a kasuwar Kano gaisuwa ce ga wanda ke cikin aikin, daidai da "sannu da aiki". Kiran waɗannan kuskure, kamar yadda wasu malamai ke yi, rashin adalci ne; suna da ƙa'idarsu da wurin amfaninsu. Illa dai mai gyaran takardun jarrabawa ba da wannan ƙa'ida yake awo ba.

Tarko mafi haɗari shi ne salon maganar da fassararsa kalma da kalma ke faɗawa kan wani salon magana na Hausa. "To pull someone's leg" na nufin zolayar mutum. Wanda ya juya ta kai tsaye zai sami "jan ƙafa", wanda a Hausa jinkiri ne da noƙewa. Jimlar za ta fito sumul, ba abin da zai sa mai karatu ya yi shakka, alhali ma'ana ta ɓace. Abokin "jan ƙafa" na ainihi shi ne "to drag one's feet".

Batun ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da dokar tushe ta sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗan Mai Yara har yanzu sai ya ratsa ta Faransanci kafin ya kai ga Ingilishi, ko da a wuraren da Hausarsa ta fi kusa da ma'anar. Ƙaramin littafi na Ingilishi da Hausa kai tsaye, mai nuna ma'anar Ingila da ta Nijeriya gefe da gefe ga kowace magana, shi ne abin da malaman kwalejojin karkara suka fi bukata, kuma ƴan cin rani su ne farkon waɗanda ya kamata a ɗauki maganarsu a na'ura don tattara misalai.