Hakimi da Sabon Ɗalibi: Yadda Za a Tsare Shekarar Farko a Babbar Makaranta

Kowace shekara samari da 'yan mata daga ƙasashen Yauri da Ngaski da Shanga sukan sami shiga manyan makarantu. Waɗansu sukan nufi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, waɗansu jami'ar jiha ta Aliero da aka kafa a 2006, waɗansu Kwalejin Horon Malamai ta Adamu Augie a Argungu, waɗansu kuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, ya shugabanta kafin ya hau gadon sarauta a 1999. Ranar da takardar shiga ta iso gida akan yi murna, amma ba a nan take ba, wai an danne bodari ta ka. Shekarar farko ita ce mai wuya, a cikinta ne ɗalibi yakan kahu ko ya tsinke. Akwai abubuwa huɗu da hakimi da malaminsa suke da hannu a ciki.

Na farko, takardu. Ba a taɓa yin zamanin da harafi ɗaya yake da nauyi kamar yau ba a idon mai rajista, domin tun 2021 hukumar JAMB ba ta karɓar mai neman jarrabawa sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Idan yaro Muhammadu ne a wannan takarda, Mamman a waccan, ko kuwa ranar haihuwa ta saɓa, sai a tsai da shi wajen tantancewa. Saboda haka lalle ne malamin hakimi ya jera takardun yaro duka, ya gwada su harafi da harafi, kafin hakimi ya sa hannu a wasiƙar neman shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yaran tsibirai da na ƙauyukan da aka tasa sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968 sun fi bukatar a gaggauta musu, gama waɗansu sai sun shiga jirgin ruwa zuwa Yelwa ko Wara sa'an nan su sami mota, ranar rufe rajista kuwa ba ta jiran kowa.

Na biyu, kuɗi. Manomin albasa da shinkafa da masunci ba kullum suke da kuɗi a hannu ba, sai amfani ya zo. Makaranta kuwa ranarta a yanke take. Ya kamata hakimi ya gargaɗi uba ya keɓe rabon karatu tun ranar ciniki. Har wa yau a sanar da iyaye cewa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar rancen karatu, asusun NELFUND ya fara aiki. Shi ne yake biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma soma da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Rancen ba shi da ruwa, biya kuwa sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ta intanet ake nema.

Na uku, mai masauki. Yaron da ya tashi cikin danginsa, Bagunge ne ko Bakambare ko Bashange ko Bahaushe, yakan ji kewa ƙwarai a baƙon gari, ga lacca da Turanci, ga ba mai tashinsa da asuba. Kada a sallami yaro sai an haɗa shi da wani dattijo ɗan ƙasarsa mazaunin garin, ko ɗalibin da ya riga shi, wanda zai nuna masa ofishin sashensa da malami mai ba da shawara. Ga 'ya mace wannan ya fi zama wajibi, domin shi ne yake kwantar da hankalin iyaye.

Na huɗu, kira zuwa gida. Iyaye sukan kira yaro don shuka ko girbi ko biki, ya yi mako uku ba ya aji. Makarantu da yawa ba su barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa. Wanda makinsa ya faɗi akan yi masa gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Idan ciwo ko rasuwa ko rashin kuɗi ya tilasta wa yaro tsayawa, malamin hakimi ya taimake shi ya rubuta wa makaranta takardar neman ɗage karatu. Wanda ya nemi izini yana da hanyar komawa, wanda ya ɓace shiru kuwa ya yar da gurbinsa.

Domin a riƙe waɗannan duka, ya kyautu kowane hakimi ya buɗe littafi guda na ɗaliban ƙasarsa: sunan yaro, ƙauyensa, makarantarsa, da mai masaukinsa. Dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo labari, malami ya duba littafin ƙarshen kowane zango, wanda aka ga ya daɗe a gida a tambayi dalili tun da wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba yaran ƙasar nan ilmi mai amfani.