Kaza Mai Kwanci Da Ƙwan Zabi

'Yan'uwana mata, da damina ta sauka a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, sai zabi su shiga zuba ƙwai. Zabuwa kuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa akan ba kaza aikin. In kin ga kazarki ta ƙi barin gurbi, tana kumbura gashi, tana saran hannu, to ta shirya.

Ga inda ake tafka hasara. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28. In kika haɗa su rana ɗaya, 'yan tsaki na fitowa uwar za ta tashi ta bi su, na zabin su huce, su zama baragurbi. Ki fara sa na zabi, bayan mako guda ki ƙara nata. Duka kada su wuce 12.

In sun fito, ki tsare su a akurki har raɓa ta bushe, don sanyi na kashe 'yan zabi tun kafin shirwa ta gan su. Ki ba su tsakin masara da gara. Ruwa kuwa a kasko marar zurfi, da 'yan tsakuwa a ciki, kada su nutse.