Saurin Fushi: Ina Mai Zafin Zuciya Zai Nemi Magani?

A ƙasar Hausa mun saba yi wa mai saurin fushi uzuri da cewa "haka halinsa yake" ko "gadon gidansu ne", sai mu bi wanda aka yi wa ɓarin zuciyar da nasihar haƙuri, mu tashi. Haƙuri kuwa maganin zaman duniya ne, ba na musu. Amma na daɗe ina lura da cewa a ofisoshinmu da gidajenmu akwai mutane masu ilimi da muƙami waɗanda fushi ya raba su da matansu, ya sa 'ya'yansu ke ɓuya idan sun ji ƙarar motarsu, kuma har yau babu wanda ya ce musu wannan matsala ce da ake zuwa asibiti a kanta.

Fushi a karan kansa ba ciwo ba ne. Idan mutum ya ji an taɓa mutuncinsa, wani sashe na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira amigdala yakan tayar da jiki, sinadarin adrenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau. Matsalar ita ce yawan aukuwar haka da kuma abin da mutum ke aikatawa a lokacin. Wani bincike da Murray Mittleman da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka wallafa a 1995 ya nuna cewa haɗarin bugun zuciya yakan ninka fiye da sau biyu cikin sa'o'i biyu bayan mummunan fushi. Ashe mai zafin rai lafiyar kansa yake ci kafin ta kowa.

To yaushe ya kamata a nemi taimako? A ganina alamomin a fili suke: idan hannu ya fara kai duka ko fasa kaya, idan ƙaramin abu kamar jinkirin abinci ko cunkoson motoci yana haifar da tashin hankali, idan nadama na biyo baya amma gobe a maimaita, ko kuma kalmar saki ta zama abin da ke fita daga baki ba shiri.

Matakin farko shi ne ganin likita, domin sau da yawa fushi reshe ne, saiwar tana wani wuri. Ciwon damuwa a jikin maza yakan bayyana da ƙunci da faɗa maimakon kuka. Rashin barci, da yawan aikin maƙoƙo, da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, kamar dubban mutanen da rikicin Boko Haram ko na 'yan bindiga ya ɗaiɗaita, duk suna sa zuciya kusa. Haka nan shaye-shaye, irin su tramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.

Wuraren zuwa ba su da yawa, amma akwai su. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya kuma akwai na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kamata mai karatu ya bambanta ƙwararru biyu: likitan ƙwaƙwalwa, wanda ke gano cuta ya rubuta magani, da masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa zama da mutum ne ana tattaunawa. Mafi yawan masu fama da fushi na biyun suke bukata.

Hanyar da ta fi samun shaidar bincike ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, Raymond Novaco kuma ya daidaita ta da matsalar fushi a 1975. Ana zama sau ɗaya a mako na tsawon wata biyu ko uku. Mutum zai riƙa rubuta abin da ya tunzura shi da tunanin da ya zo masa a lokacin, ya koyi gane alamun jiki tun kafin wuta ta kama, ya koyi jan numfashi a hankali da barin wurin, sannan ya koyi faɗin abin da ke damunsa ba tare da cin mutunci ba. Duk wanda ya ce maka ka doki matashi ko ka yi ihu don zuciya ta huce, ka yi hattara da shi, domin gwajin da Brad Bushman ya wallafa a 2002 ya nuna masu dukan buhu suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun ƙara harzuƙa fiye da waɗanda suka zauna shiru.

Wannan bai ci karo da abin da muka gada ba. Addini ya koyar da mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya yi shiru, ya yi alwala, kuma Imam Gazali ya ware babi guda kan fushi a littafinsa Ihya'u. Abin da ƙwararre ke ƙarawa shi ne tsari da bibiya.

Sai dai ina da jan hankali guda. Mutumin da ke iya danne zuciyarsa a gaban maigidansa a ofis amma ya dawo gida ya lakaɗa wa matarsa duka, matsalarsa ta wuce fushi, zalunci ne, kuma tsaron lafiyar matar da yara shi ne a gaba da komai.

Babban shingen da ya rage shi ne kunya, wato tsoron kada a ce wane ya je asibitin mahaukata. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirrin mara lafiya da hana nuna masa wariya. Saura mu masu ilimi mu fara nuna misali, domin barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu.