Shurin Bindigar Wasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yayin da ya saki bindigar toka ya san rabin labarin harbi a kafaɗa yake, domin tun ƙara ba ta gama bin daji ba, ƙarfen ya riga ya shuri mai shi. Wannan shurin ne kamfanin Namco na ƙasar Japan ya kwaikwaya a gidajen wasa da Point Blank a 1994, da Time Crisis a 1995, inda saman bindigar roba ke zamewa baya da ƙara duk sa'ad da aka danna kunama. Shi ne kuma ma'abota sha'awar irin waɗannan wasanni ke wahalar nema a yau, bayan sun harhaɗa akwatin katako a gida, sun sa masa allo da kwamfuta.

Batun saiti ba zai tsayar da mu ba. Bindigogin dā suna karanta hasken da ke zana hoto a tsohuwar talabijin mai ƙeya, alhali allon zamani ba ya zana hoto haka, shi ya sa aka koma ga fitilun da ido ba ya ganin haskensu, ko ga kyamara irin ta bindigar Sinden.

Inda mas'alar take shi ne solinoyid mai kawo shurin, wato naɗin wayar tagulla mai sandar ƙarfe a ciki, wanda idan wuta ta ratsa shi ya zama maganaɗisu ya fizgi sandar, idan ta yanke sufirin ya mayar da ita. Abin nan mai ci ne, galibi bolt 24 yake bukata, ƙwaƙwalwar bindigar kuwa, kamar allon Arduino, da bolt 5 na wayar USB take rayuwa. Saboda haka wajibi ne kowa ya sha daga rijiyarsa, a sa tiransista irin MOSFET a tsakani, ta zama mai gadin ƙofa da ƙaramar wuta ke umarta ta buɗe wa babba. Sharaɗi ɗaya shi ne a haɗa baƙaƙen wayoyin ɓangarorin biyu, in ba haka ba umarnin ba zai isa ba.

Amma a ganina farillar da aka fi sakaci da ita, wataƙila don arharta, ita ce dayod. Naɗin waya yana da wata ɗabi'a ta ramuwa: idan aka yanke masa wuta farat ɗaya, sai ya turo wata mai tsanani da baya, wadda ke iya halaka tiransistar nan take. Maganinta a liƙa dayod irin 1N4007 da dalma a bakin naɗin, zobensa na fuskantar jar waya, domin ramuwar ta kewaya a nan har ta huce. Wanda ya juya shi kuwa, sai dai fis ya cece shi, in ya sa.

Saura zafi, domin solinoyid da aka bari a kunne zai narkar da robar da ke riƙe da shi, don haka ake ba shi wuta ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Masu neman kamala suna ƙarawa da manhajar MAMEHooker, wadda ke kai wa bindiga labari daga cikin wasan, har idan harsashi ya ƙare mutum ya danna kunama ya ji shiru a hannunsa.