Kifin Gulbi Da Manoman Auduga

Da yawa daga cikinmu sun koya a darasin labarin ƙasa cewa Gulbin Sakkwato ya faro ne daga kusa da Funtuwa. Daga nan ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato, ya wuce ta Argungu, sa'an nan ya faɗa Kwara. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, ruwan da ya wanke gonar auduga a nan, shi kifin Kabawa ke sha.

Kifin gulabenmu da damina ya ke haihuwa. Sa'ad da ruwa ya cika ya malala cikin fadamu, sai tarwaɗa ta bi shi ta zuba ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yan su yi girma a nan inda abinci ya ke da yawa, manyan kifi kuwa ba su iya kai musu. Karfasa ita dabararta dabam ce, uwar a baki ta ke riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. To, wannan lokaci shi ne daidai lokacin da manoman Funtuwa da Malumfashi ke fesa wa auduga maganin ƙwari. In aka yi feshi ruwan sama ya biyo baya, ko aka wanke tulun feshin a rafi, dafin fadama za ya gangara. Ƙananan kifi su ke fara mutuwa, ba wanda ya ke ganinsu balle ya ƙirga. Kakanninmu ma sun san su da magimfa, amma ƙarfinta bai kai rabin hanyar maganin kanti irin Gamalin ba.

Yaya masana su ke gane lokacin haihuwar? Aikin haƙuri ne ƙwarai. Su kan karɓi kifi daga hannun masunta wata bayan wata, su auna tsawonsa da nauyinsa, su tsaga cikinsa su duba ƙwai. Da haka a ke sanin girman da kifi ke kaiwa kafin ya fara haihuwa, watau girman da bai kamata a kama wanda bai kai shi ba. Irin wannan bincike aka kafa a Sabuwar Busa a 1968, shekarar da aka gama madatsar Kainji. A 1992 Gwamnati ta yi doka ta hana su da guba, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da misalin inci 3.

A ganinmu dokar ta tuna da masunci, ta manta da manomi. Sarkin Ruwan Argungu ya kan tsare Matan Fada har ranar bikin su, wanda aka fara a 1934, amma ikonsa bai iso rafukan Funtuwa ba.